Juyi, Ƙarfin Murɗi da Momentam: Tambayoyi da Amsoshi Daga Garejin Suame Zuwa Ajin Fiziks

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin ɗalibanmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo masu shirin jarrabawar WASSCE, da kuma yaranmu masu koyon aikin fita a Suame Magazine. Na haɗa su wuri guda ne domin amsarsu gida ɗaya take komawa: a harkar juyi, ƙarfi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an tambayi nisansa daga cibiyar da abin ke juyawa a kanta.

Malam, mene ne bambancin turawa da murɗi?

Turawa ko ja shi ke ɗauke abu daga nan zuwa can. Murɗi kuwa, wanda makanikai ke ce wa tok, shi ke sa abu ya juya a kan cibiyarsa. Abu uku ne ke yanke yawansa: ƙarfin da ka sa, nisan hannunka daga cibiya, da fuskar da ka tura. In ka tura a gicciye sosai, wato ƙarfinka da jikin sifana suka yi kusurwa mai digiri 90, lissafin ba wuya: ƙarfi sau nisa. Ana auna ƙarfi da niyuton, nisa da mita, shi ya sa ma'aunin murɗi ya zama niyuton-mita. Niyuton 10 kusan nauyin kilo 1 ne a tafin hannu.

Fuskar turawa ita ɗalibai suka fi mantawa. In kusurwar ta koma digiri 30, rabin murɗin kawai za ka samu. In kuwa ka ja sifana ta tsawonta, ko gumi ya jiƙa maka riga, noti ba zai motsa ba.

Me ya sa masta ke zura fayif a wil sifana in noti ya ƙi kwancewa? Akwai laifi a yin haka?

Nisa yake ƙarawa. A ce notin taya na buƙatar niyuton-mita 120, wanda ke cikin abin da ƙananan motoci da yawa ke nema. Da sifana mai tsawon santimita 30, sai ka sa niyuton 400, kamar kana ɗaga kilo 40. Da fayif mai tsawon mita 1.2, niyuton 100 ya isa, wato kilo 10. Ƙaramin yaro ma zai iya.

Wajen kwance notin da ya yi tsatsa, ba ni da ja a kai. Inda nake da magana shi ne wajen ɗaurewa. Mutum mai kilo 70 in ya hau ƙarshen wannan fayif da ƙafa, ko bai yi tsalle ba, ya ɗora wa noti fiye da niyuton-mita 800, kusan ninki 7 na abin da ake so. Bol ɗin taya ba dutse ba ne, ƙarfe ne mai ɗan miƙewa, kuma wannan miƙewar ce ke riƙe taya. In an wuce iyakarsa, ya miƙe ke nan ba ya dawowa, tiredi ya ci, riƙon ya yi rauni duk da cewa a hannu ji za a yi kamar ya ɗauru tamau. Irin wannan bol ɗin ne ke karyewa a hanyar Techiman da fasinja cike da mota. Kuma direban da taya ta fashe masa cikin dare ba zai iya kwance ta da ɗan sifanan da ke cikin but ba.

Maganin shi ne sifana mai awo, wadda ake saita mata adadi, in an kai ta yi ƙara ta saki. Kowace mota akwai adadinta a littafinta. A ɗaure notocin a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, domin rim ya zauna daidai. A kan bol ɗin kan inji kuwa maganar ta fi tsanani, don can har jerin da za a bi an rubuta. Na san sifana mai awo da tsada, amma gareji biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su mallaki guda.

Wa ya fara gano wannan doka?

Mutane sun yi amfani da sanda wajen ɗaga dutse tun kafin a fara rubutu. Wanda ya kafa mata hujjar lissafi shi ne Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya nuna cewa nauyi biyu na daidaita a kan sanda in nauyi sau nisa na wannan gefe ya yi daidai da na wancan. A Bagadaza, Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya yi rubutu na musamman a kan ma'aunin nan mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, wanda ake auna kaya mai nauyi da ɗan ƙaramin dutsen awo ta hanyar matsar da shi a kan sanda. A nan Kumasi ma, lokacin da garin zinariya ke matsayin kuɗi, Asantawa da sikeli mai hannu biyu daidai suke awo, da duwatsun awo na tagulla. Hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo ko kaɗan, an cuci wani.

Dokokin motsi na masanin kimiyya Isaac Niyuton sun fito a 1687, sannan Leonhard Euler ya shimfiɗa lissafin juyin abu mai tauri a littafinsa na 1765.

Me ya sa trotro ke hawa tudu da giya ɗaya, alhali inji bai canza ba?

Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musaya take yi. Aikin da inji ke yi a kowace daƙiƙa shi ne murɗi sau saurin juyi. In ka rage ɗaya, ɗayan ya ƙaru.

Ga misali da lambobi masu sauƙi. Inji na ba da niyuton-mita 200 yana juyi 2,000 a minti. A ce giya ɗaya na rage juyi sau 4, giyar aksul ta ƙara ragewa sau 4, jimla sau 16. Tayoyi za su yi juyi 125 kacal a minti, amma murɗin da ya iso musu ya kai 3,200, ban da ɗan abin da gogayya ta ci. Da taya mai santimita 33 daga cibiya zuwa ƙasa, motar na tura kwalta da kusan niyuton 9,700, tana tafiyar kilomita 15 ko 16 a sa'a. Ta sayar da gudu ta sayi ƙarfin hawa. A giyar sama cinikin ya juya: gudu da yawa, murɗi kaɗan, shi ya sa mota ke shaƙewa in direba ya ƙi sauko da giya a tudu.

A jarrabawa ana ba mu juyi a minti, amma lissafi na neman radiyan. Yaya ake yi?

Radiyan ma'aunin kusurwa ne kamar digiri. Zagaye ɗaya radiyan 6.28 ne, minti ɗaya daƙiƙa 60. Ka ninka juyi a minti da 0.105. Juyi 2,000 a minti ya zama kusan radiyan 209 a daƙiƙa. Gudun kowane wuri a jikin abin da ke juyi kuwa shi ne wannan adadi sau nisansa daga cibiya.

Mene ne amfanin ƙaton filawil ɗin da ke jikin injin niƙa?

Injin dizal mai fistin ɗaya, irin wanda ke juya injin niƙa inda babu lantarki, sau ɗaya yake samun bugun wuta a kowane juyi biyu. Sauran lokacin yana shan iska, yana matse ta, yana fitar da hayaƙi, kuma duk wannan ci yake yi, ba ya bayarwa. Filawil ke karɓar ƙarfi lokacin bugu ya ajiye, sannan ya biya a sauran zagayen. In ba shi, inji zai fizga ya tsaya tun kafin bugu na biyu.

Abin lura shi ne yadda aka ƙera shi: baki mai kauri, tsakiya kusan fayau. Dalili shi ne abin da ake kira nauyin juyi, wato taurin kan abu wajen fara juyawa ko dainawa. Ba kilo kawai ake dubawa ba. Kowane ɗan yanki na ƙarfen ana ninka nauyinsa da nisansa daga cibiya, a sake ninkawa da nisan. Kilo 1 da ke santimita 40 daga cibiya ya yi aikin kilo 4 da ke santimita 20, ya yi na kilo 16 da ke santimita 10. Don haka maƙeri mai hankali ba ya ɓarnar ƙarfe a tsakiya. Dubi keken ɗinki na ƙafa a shagon tela, za ka ga babbar ƙafar da ke ƙasa haka aka yi ta. Kakanninmu mata ma da suke kaɗi, dunƙulen yumɓun da ke gindin mazari wannan aikin yake yi.

Murɗi daidai yake da nauyin juyi sau yadda saurin juyi ke ƙaruwa. Wanda ya san cewa ƙarfi shi ne nauyi sau ƙaruwar gudu, ya riga ya san rabin wannan babi.

An ce in aka gangaro da abubuwa daga kan katako, wanda ya fi nauyi ba lallai ya riga isa ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ina so kowane ɗalibi ya gwada da hannunsa. Ka jingina benci, ka samo ƙwallon ƙarfe na boris, da gwangwanin tumatir mai kauri wanda ba a buɗe ba, da wani gwangwanin da aka yanke masa sama da ƙasa ya zama zobe. Sake su tare. Ƙwallo zai riga, gwangwani cikakke na biye, zobe na ƙarshe.

Ƙarfin da gangara ke bayarwa kashi biyu yake rabuwa, na tafiya gaba da na juyawa. Zobe duk nauyinsa na baki, don haka rabin ƙarfin ke tafiya a juyi. Cikakken gwangwani kashi 1 cikin 3 yake kashewa, ƙwallo kuwa 2 cikin 7. Girma da kilo ba sa shiga lissafin, siffa ce kawai. In ka ƙara da gwangwanin madara na ruwa za ka ga abin mamaki: yakan riga na tumatir, domin ruwan da ke ciki ba ya juyawa tare da gwangwanin, zamewa kawai yake yi.

Masta ya hana mu ɗaura babban faifai a ƙaramar giranda. Ai zai fi saurin yanka?

Masta ya yi daidai, kada ku saɓa masa. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyi wajen 11,000 a minti. Bakin faifan na gudun mita 66 a daƙiƙa, kusan kilomita 240 a sa'a. Babban faifai mai milimita 230 an yi shi ne domin juyi wajen 6,600 a minti, kuma an buga adadin a jikinsa. In ka ɗaura shi a ƙaramar, bakinsa zai yi mita 132 a daƙiƙa, alhali yawancin irin waɗannan faifai iyakarsu 80.

Kowane ɗan yanki na faifai so yake ya tafi miƙe, sauran jikin faifan ne ke riƙe shi yana lanƙwasa masa hanya. Wahalar wannan riƙo na ƙaruwa da gudu sau gudu: ninka gudu biyu, wahala ta ninka huɗu. Ranar da riƙon ya gaza, gutsattsarin za su fita da wannan gudun, kuma don babban faifai ya shiga dole an cire murfin kariya. Fuska da wuya da cinya ne a gabansu. Duba lambar da ke kan faifai kafin ka ɗaura, ka bar murfi a wurinsa, ka sa tabarau.

To mene ne momentam ɗin juyi, kuma me ake nufi da cewa ba ya ɓacewa?

Nauyin juyi sau saurin juyi, shi ke nan. Dokarsa kuwa: muddin babu murɗin da ya shigo daga waje, wannan adadi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Roƙi mai aski ya ba ka aron kujerarsa mai juyawa. Zauna, ka riƙe gorar ruwa cikakkiya a kowane hannu, ka miƙe hannuwa, wani ya juya ka a hankali, ka ɗaga ƙafafu. Yanzu janyo gorunan zuwa ƙirji. Nan take za ka ji kujera ta ƙara wuta. Ba wanda ya tura ka. Ka rage nisan nauyi daga cibiya, nauyin juyi ya ragu, dole sauri ya ƙaru don adadin ya zauna yadda yake. Miƙe hannu, ka koma a hankali. Mai alkafura da ke dunƙule jiki a iska dabarar da yake yi ke nan.

Ɗalibi mai kaifin kai zai ce: in nauyin juyi ya ragu rabi, sauri ya ninka biyu, ai ƙarfin motsin da ke jikina ya ninka biyu, daga ina ya zo? Daga damatsanka. Janyo gorunan ciki aiki ne, za ka ji shi a hannu. Momentam ne bai canza ba, ƙarfin motsi ya canza.

Dokar ba ta tsaya a shagon aski ba. Tauraron da ya fashe har masana taurari na Sin suka rubuta ganinsa a 1054, cibiyarsa ta tsuke ta koma faɗin 'yan kilomita goma-goma, yau tana juyi wajen 30 a daƙiƙa. A 1918 Emmy Noether, masaniyar lissafi Bajamushiya, ta nuna asalin dokar: tana fitowa ne daga kasancewar dokokin halitta ba su fifita wata fuska a kan wata, gabas da arewa duk ɗaya ne a wurinsu.

Me ya sa jirgi mai saukar ungulu ke da ƙaramar fanka a wutsiya?

Inji na murɗa babbar fanka ta wannan gefe, ita kuma tana murɗa jikin jirgi ta ɗaya gefen. Ta wutsiya ke hana jikin juyawa. An kai ta can nesa ne domin ƙaramin ƙarfi a dogon hannu ya wadatar.

Katantanwa in tana juyi ba ta faɗuwa. Shin abin da ke riƙe keke da babur ke nan?

Momentam ɗin juyi na da fuska, yana bin layin da abin ke juyawa a kansa. In katantanwa ta ɗan karkata, nauyinta na murɗa ta, amma murɗin a gicciye yake da layin juyin. Maimakon ta kife, sai kanta ya shiga zagayawa a hankali. Da gogayya ta cinye saurinta, zagayen ya faɗaɗa, ta faɗi. Cire ƙafar keke ta gaba, ka ɗaura igiya a gefe ɗaya na sandar tsakiya, ka juya ta da ƙarfi a tsaye, ka riƙe igiyar kawai. Za ta tsaya tana kewaya igiyar. Duniya ma na yin wannan kewaye, zagaye ɗaya cikin shekara wajen 26,000.

Maganar keke kuwa, littattafai da yawa sun sauƙaƙa ta fiye da kima. Juyin ƙafafu na taimakawa, amma ba shi ne jigo ba. A 2011 masu bincike daga jami'o'in Delft da Cornell tare da abokan aikinsu sun ƙera ɗan keke da aka soke masa wannan tasiri da wasu ƙafafu masu juyawa baya, ya kuma ci gaba da tsayuwa da kansa in yana tafiya. Jigon shi ne kan keke na juyawa ta gefen da ya karkata, ƙafafu su koma ƙarƙashin nauyi.

Me ke kifar da aboboya da pragya, masu ƙafa uku na kaya da na fasinja, a shataletale?

Murɗi biyu ne ke kokawa a kan tayoyin waje. Nauyin abin hawa na danna shi ƙasa, hannunsa shi ne nisan tsakiyar nauyi daga layin tayoyin waje. Kwana kuwa na neman kifar da shi, hannunta shi ne tsayin tsakiyar nauyi daga ƙasa. Duk buhun da aka ɗora a sama yana ƙara wa kwana tsawon hannu. Mai ƙafa uku kuma layin kifewarsa daga tayar gaba yake zuwa ta baya, a karkace, don haka hannun da ke kare shi gajere ne, musamman in nauyi ya matso gaba ko an taka birki cikin kwana. Ga gudu kuma: shiga shataletalen Santasi da kilomita 40 a sa'a maimakon 20 na ninka murɗin kifarwa sau 4. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure, kuma a rage gudu tun kafin a shiga kwana.

In duniya na juyi, me ya sa ba ma ji, kuma me ke juya ta?

Kumasi na wajen digiri 6.7 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka muna tafiya gabas da kusan kilomita 1,660 a sa'a. Jiki ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji, kuma lanƙwasar hanyarmu kaɗan ce ƙwarai: abin da take rage mana na nauyi wajen kashi 1 cikin 300 ne kawai. Duniya ba ta buƙatar mai turawa kullum, domin babu wani babban murɗi da ke tsayar da ita.

A 1851, don nuna cewa duniya na juyi, Léon Foucault ya rataya ƙwallon ƙarfe da doguwar waya a Faris, mutane suka ga layin lilonsa na juyawa wajen digiri 11 a sa'a, zagaye ɗaya cikin sa'a 32. Da a Kumasi aka rataya shi, bai kai digiri 2 a sa'a ba, sai ya yi kwana 8 da rabi kafin ya cika zagaye.

Akwai ɗan birki guda a kan juyin duniya: cikar teku da janyewarsa da wata ke jawowa. Yana ƙara wa yini tsawon wajen kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a shekara 100. Momentam ɗin da duniya ta rasa wata ne ke karɓa, yana nisa da santimita 3.8 a shekara, kuma ana auna hakan da hasken lesa da ake haskawa kan madubban da 'yan sama jannatin Apollo suka fara ajiyewa can a 1969.

Malam, wannan ne ya sa lokacin azahar ke matsawa a jadawalin masallaci?

Ba birkin wata ba ne, wannan ya yi ƙanƙanta. Amma momentam na da hannu a ciki. Hanyar duniya a kewayen rana ba da'ira ce cikakkiya ba. A farkon Janairu muna kilomita miliyan 147 daga rana, a farkon Yuli miliyan 152. In mun matso, gudu ya ƙaru zuwa kilomita 30.3 a daƙiƙa, in mun yi nisa ya sauka zuwa 29.3, dokar da ta yi aiki a kan gorunan ruwa ita ce dai a nan. Masanin taurari Kepler ya bayyana wannan a 1609 tun ba a san dalilinsa ba. Wannan sauyin gudu, haɗe da karkatar duniya ta digiri 23.4, shi ke sa rana wani lokaci ta riga agogo, wani lokaci ta makara. Ghana na bin agogon GMT, Kumasi kuma na yamma kaɗan da layin Girinic da ake auna wannan agogo a kansa, abin da ke jinkirta mana rana da minti 6 da ɗoriya. Shi ya sa a farkon Nuwamba rana ke kaiwa tsaka a nan wajen ƙarfe 11:50, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai wajen 12:20. Tazarar rabin sa'a ce tsakanin zawalin watannin biyu, kuma kowace shekara haka take maimaituwa.